Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Ilmin Haɗa Magani (1781-1837)

Gabatarwa

A ƙasar Kabi, tun daga Birnin Kebbi har Argungu da sauran garuruwan da ke bakin fadamar gulbin Rima, in an ambaci sunan Muhammadu Bello abin da yakan fara faɗo wa dattawa a rai shi ne yaƙi. Ba su kuwa yi laifi ba, domin dawakinsa sun sha ratsa wannan fadama, kuma a zamanin sarautarsa ne aka ci Argungu. Ɗaliban tarihi kuma sun fi saninsa da littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya gama a 1812, wanda har yau shi ne babban madogara ga mai son sanin yadda jihadi ya gudana. Amma akwai wani sashe na rayuwar wannan bawan Allah da ba a cika tsayawa a kansa ba, watau himmar da ya ba ilmin magani: yadda ya neme shi, da abin da ya rubuta a kansa, da kuma ƙoƙarin da ya yi na samo wanda zai koya wa mutanensa wannan sana'a. Ta wannan ƙofa ce maƙalar nan za ta bi rayuwarsa, ba tare da an manta cewa hannun da ya rubuta maganin shi ne kuma ya riƙe takobin ba.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Muhammadu Bello a shekara ta 1195 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1781. Mahaifinsa shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, mahaifiyarsa kuwa Hauwa'u, wadda aka fi sani da Inna Garka, ita ce kuma ta haifi Abubakar Atiku wanda ya gaje shi a sarauta. Ya tashi a Ɗagel, cikin ƙasar Gobir, a gidan da karatu shi ne sana'ar maza da mata. Ya yi karatu wajen mahaifinsa, da wajen wansa Muhammadu Sa'adu, sa'an nan da wajen baffansa Abdullahi, wanda ya yi fice a nahawu da luga da fiƙihu.

Kafin a fahimci matsayin Bello a ilmin magani, wajibi ne a san cewa a wancan zamani hanyoyi biyu ake bi a ƙasar Hausa a san magani, kuma ba kasafai suke haɗuwa ba. Ta farko ita ce ta gado da barantaka. Yaron da aka haifa a gidan wanzamai ko na maɗora, ko wanda aka kai wajen boka ko ɗan magori, ba da baki ake fara koya masa ba. Aikinsa shi ne ɗaukar zabira ko burgami, da bin maigida daji da sassafe. A can ne idonsa zai saba, ya san itaciyar da ake sassaƙa, da wadda ake haƙar saiwarta, da wadda ganyenta kaɗai ake tsinka. Ya rarrabe ɓawon maɗaci da na marke ko da sun bushe, ya san lokacin da bagaruwa ta nuna, ya san sabarar da ta cancanci ɗiba. In an komo gida shi ne mai shanya, shi ne mai daka da tankaɗe, shi ke tsaron tukunyar dahuwa, shi ke duba jiƙo da tsimi. Sai ya yi shekara da shekaru a haka kafin a yarda ya auna wa majinyaci da hannunsa, domin kuwa sirrin sana'ar duka yana wajen awo. Abin da ke warkarwa in an ɗebo shi da yatsa uku, shi ne ke kwantar da mutum in an ɗebo cikin tafi. A ƙasar Kabi ma akwai ƙari, don Sarkawa da sauran masunta suna da nasu magunguna na gado da suka shafi ruwa, kamar na ƙayar kifi in ta maƙale a wuya. Aibin wannan hanya shi ne ba a rubuta ta, ɓoye ta ma ake yi, sau da yawa kuma maigida yakan tafi kabari da rabin abin da ya sani. Sa'an nan ga ta cuɗe da tsafi da surkulle, ta yadda da wuya a rabe inda aikin saiwa ya tsaya da inda na iskoki ya fara.

Hanya ta biyu ita ce ta littafi. Malamai sukan karanta ɗibbu cikin littattafan da aka tara magungunan da suka zo a hadisai, irin na Suyuɗi da na Ibnul Ƙayyim, da kuma Kitabur Rahma, wanda ya bazu ƙwarai a Afirka ta Yamma. Waɗannan littattafai sun ɗauki ra'ayin likitocin Yunan wanda Larabawa suka gada, cewa jikin mutum yana tafiya ne bisa ɗabi'u huɗu, zafi da sanyi da danshi da bushewa, kuma cuta takan samu in ɗaya ta rinjayi saura, saboda haka ana maganin kowace da kishiyarta. Ita ma wannan hanya tana da nata cikas. Littafin yana maganar itatuwan Hijaz da Masar da Sham ne, malamin kuwa yana zaune a Gobir ko Zamfara. Dole ya gano wace itaciya ce a bayan garinsu ta dace da sunan da ya gani a takarda, in kuwa ya yi kuskure majinyaci ne zai sha. Wannan ne ya sa ake yawan ganin ƙananan rubuce-rubucen ajami na Hausa da Fulatanci a gefen tsofaffin littattafai, inda mai karatu ya rubuta sunan gida a kusa da na Larabci.

Ta ƙofar littafi Bello ya shiga. Abin da ya same shi a ƙuruciyarsa ne ya tura shi ga tambayoyin da mutanen hanya ta farko suka fi sabawa da su.

Shekarun Kabi

Bello bai wuce shekara 23 ba sa'ad da Shehu ya yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a Fabrairun 1804. A watan Yuni aka yi karon Tabkin Kwatto, Jama'a ta yi nasara, amma kafin shekarar ta ƙare aka yi mata mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, inda aka kashe mutum wajen 2,000. Bayan takobi kuma ga yunwa. Rashin abinci ne ya fid da Jama'a daga Gobir zuwa Sabon Gari cikin Zamfara, daga can kuma ido ya koma kan Kabi mai fadama da shinkafa da kifi. A watan Afrilu na 1805 rundunar da Abdullahi ya jagoranta ta ci Birnin Kebbi, wanda shi ne mazaunin sarakunan Kabi tun bayan da suka bar Surame. Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita ya bar birnin, aka naɗa Usman Masa, Shehu kuma ya taso da iyali ya sauka Gwandu.

Zaman bai yi daɗi ba. Kafin ƙarshen 1805 Gobirawa da Azbinawa suka haɗa kai da Kabawa, har da shi Usman Masa, aka gamu a Alwasa, tsakanin Birnin Kebbi da Gwandu, aka karya rundunar Jama'a, aka bi ta har bakin gari. Da ƙyar Gwandu ta tsira, kuma wannan ne ya sa Bello ya tsaya aka yi mata ganuwa a 1806. Daga nan al'amura suka fara sauyawa, har ya jagoranci cin Alƙalawa a 1808, ya kuma kafa Sakkwato a 1809.

Mai karatu ya dubi abin da saurayi mai ido zai gani a waɗannan shekaru. Ga masu rauni ba mai ɗori isasshe, ga yunwa da cututtukan da ke bin bayanta, ga dubban mutane da dabbobi a cunkushe wuri guda suna shan ruwa ɗaya. Fadamar da ta ciyar da su kuwa ita ce matattarar zazzaɓi da tsargiya da kurkunu, a zamanin da ba wanda ya san musabbabinsu a duniya duka, domin sai a 1851 aka gano tsutsar tsargiya a Alƙahira, sai kuma a 1897 aka tabbatar da cewa sauro ne ke ɗaukar zazzaɓi. Babban makamin yaƙin ma kansa aikin masu haɗa magani ne, watau kibiya mai dafi, wadda ake dafa dafinta da 'ya'yan kwankwani. Abin mamaki, daga dangin wannan itaciya ne wani likita a Edinbara, Thomas Fraser, ya fid da maganin ciwon zuciya a ƙarshen ƙarnin. Abin da ya raba dafin da maganin shi ne dai awon da aka ambata a baya.

Me ya kai sarki ga rubutun magani?

A 1812 Shehu ya raba kulawar ƙasa biyu, yamma ga Abdullahi, gabas ga Bello. Da Shehu ya rasu a Afrilun 1817 aka yi wa Bello mubaya'a a Sakkwato, abin da ya jawo ɓacin rai tsakaninsa da baffansa, har sai da Bello ya kai masa gudummawa a yaƙin Kalambaina bayan 'yan shekaru, suka shirya. Shekara 20 ya yi yana sarauta, kuma da wuya a sami shekarar da bai fita yaƙi ba. Duk da haka littattafai da risalolin da ya bari sun haura 100. To, mutumin da tawaye ya kewaye shi gabas da yamma, ina ya ga sararin rubutu a kan basir da ciwon ido?

Amsar tana cikin jihadin kansa. Shehu da almajiransa sun yi wa'azi mai zafi a kan yanka ga itatuwa da duwatsu, da duba, da bori. Amma ga talaka waɗannan abubuwa su ne asibitinsa. Matar da ɗanta ke fama da taune-taune ba gardamar tauhidi ta kai ta gidan 'yan bori ba, neman lafiyar ɗanta ne. In an rufe mata wannan ƙofa ba a buɗe mata wata ba, za ta koma da dare. Shugabannin Jama'a sun gane haka, shi ya sa rubutun magani ya zama wani ɓangare na aikin gyara a wajensu. Abdullahi ya rubuta Masalihul Insan, inda ya haɗa maslahar addini da ta jiki a littafi guda. Malam Muhammadu Tukur, almajirin Shehu da ya zauna a Zamfara, shi ma ya yi nasa. Bello ne dai ya fi su duka yawan rubutu a wannan fanni.

Akwai kuma dalili na mulki. A cikin Usulus Siyasa, risalar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Umaru Dallaji, Bello ya lissafa sana'o'in da jama'a ba ta iya zama sai da su, waɗanda ya wajaba sarki ya kula da masu yin su, ya kuma rarraba su ga garuruwa gwargwadon bukata. A cikin jerin, tare da manoma da maƙera da marina da mahauta, ya sa masu magani. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ma'anarta ita ce lafiyar talakawa tana cikin abin da za a tambayi sarki, kuma mai magani ma'aikaci ne kamar maƙeri, wanda ake koya wa sana'a a kuma tura shi inda babu.

Littattafansa na ɗibbu

Rubuce-rubucen Bello na magani iri biyu ne. Akwai na gaba ɗaya, kamar Almawaridun Nabawiyya fil Masa'iliɗ Ɗibbiyya, wanda ya tara magungunan da suka zo daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Talkhisul Maƙasid, wanda sunansa ma ya nuna taƙaitawa ce, da kuma Ujalatur Rakib fiɗ Ɗibbis Sa'ib, wanda ana iya fassara sunansa da guzurin gaggawa na mahayi. Sunan nan ya dace da mai shi, mutumin da rabin rayuwarsa a kan sirdi ya yi ta.

Iri na biyu su ne suka fi jan hankali, watau gajerun risaloli da kowace ta ɗauki cuta guda. Akwai Alƙaulul Mansur a kan basir, akwai Masugul Lujaini a kan ciwon ido, akwai Tanbihul Ikhwan a kan magungunan tsutsar ciki, akwai kuma risala a kan ciwon ƙoda. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san waɗannan ba daga littafi aka tsinto su ba, su ne koke-koken da ake ji kullum a zaure. Ɗalibin harshe ma yana da abin tsinta a nan, domin kalmar basir kanta daga Larabci ta shigo Hausa, ta hanyar malamai irin waɗannan, alhali kalmar likita ba ta ma shigo ba tukuna a zamanin Bello, sai da Turawa suka zo aka are ta daga bakinsu.

Risalar da ta fi cancanta a tsaya a kanta ita ce wadda ya keɓe wa sana, ganyen da Hausawa ke kira filasko. A nan ne hanyoyin nan biyu suka gamu. An ambaci sana a hadisi, likitocin Larabawa sun daɗe suna yabonsa wajen wanke ciki, sa'an nan ga danginsa yana tsirowa da kansa a saurukan ƙasar Hausa, tsofaffi mata sun san shi tun kafin su ji sunansa na Larabci. Malami ba zai yi ƙyamarsa ba, talaka kuma ba sai ya saya daga fatake ba. Binciken zamani ya gaskata zaɓin. A 1941 Arthur Stoll da abokan aikinsa a birnin Basel suka ware sinadaran da ke aiki a cikin ganyen, aka kuma gane yadda suke yi: suna wuce tumbi da ƙaramin hanji ba tare da jiki ya tsotse su ba, sai sun isa babban hanji ƙwayoyin halittar da ke zaune can su farfasa su, abin da ya fito ya motsa hanjin. Shi ya sa wanda ya sha da dare sai da safe yake ganin aikinsa. Har yau sana yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Amma wanda ya zarce awo, ko ya mai da shi abin sha kullum, zai gamu da murɗar ciki da ƙarewar ruwan jiki.

A nan ya kamata a yi adalci, domin akwai masu zuzuta abin har su mai da Bello kamar wanda ya ƙago ilmin likita. Ba haka ba ne. Yawancin abin da ya rubuta tarawa ne da taƙaitawa daga magabata, kamar yadda al'adar malaman zamaninsa take, kuma ra'ayin ɗabi'u huɗu da aka gina littattafan a kai an daɗe da barinsa. Darajarsa tana wani wuri dabam. Ya ɗauki abin da ake ɓoyewa a burgami ya sa shi a takarda, inda kowane ɗalibi zai iya kwafa, ya zaɓo cututtukan ƙasarsa ya ba su muhimmanci, kuma, kamar yadda za a gani yanzu, ya san iyakar abin da ya sani.

Likitan da bai iso ba

A ran 16 ga Maris 1824 Kyaftin Clapperton, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdullahi, ya iso Sakkwato ta hanyar Tarabulus da Barno da Kano, Waziri Giɗaɗo ya sauke shi. Tun daga Barno ya taso tare da wani likita, Oudney, amma Allah ya yi wa likitan rasuwa a Janairun wannan shekara a kusa da Katagum. Clapperton ya ba da labarin cewa Bello ya nuna baƙin ciki ƙwarai da jin wannan rasuwa, domin ya so ya ga likitan Ingila wanda zai koya wa mutanensa aikin warkarwa. A lura, ba cewa ya yi ya zo ya yi masa magani ba, koyarwa ya nema. Kafin baƙon ya tashi a watan Mayu, an shirya cewa Ingila za ta aiko da wakili da kuma likita.

Ingila ta cika alkawari gwargwadon iyawarta. Ayarin da aka aiko a ƙarshen 1825 yana da likita biyu, Morrison da Dickson. Morrison bai yi wata guda a hanya ba zazzaɓi ya kashe shi a ƙasar Yarabawa. Dickson ya bi ta Dahomi, ba a ƙara ganinsa ba. Clapperton ya iso a 1826 ba likita, sai littattafan Larabci da ya kawo tsaraba, cikinsu har da na Ibnu Sina da na lissafin Uƙlidis. Wata rana ma ya tarar da Bello zaune yana karatun Uƙlidis ɗin, Bello ya shaida masa cewa da suna da kwafi a gidan wanda wani ɗan'uwansu ya kawo daga Makka, gobara ta cinye shi. Sai dai ziyarar ta zo daidai da yaƙin Sakkwato da Barno, Bello ya hana a wuce da takarda da kayan da aka aiko wa Shehu Laminu na Barno, zumuncin ya yi tsami. Clapperton ya kwanta ciwo, ya rasu a Sakkwato ran 13 ga Afrilu 1827, baransa Lander ya binne shi.

Tambayar da ta dace a yi ita ce, da Dickson ya iso, me zai koyar? Gaskiya likitan Turai na wancan lokaci bai tsere wa Bello da nisa ba. Shi ma zub da jini yake yi kamar wanzami, shi ma wankin ciki yake bayarwa, har da sana ɗin. Sauyin gaske ba daga manyan likitoci ya taso ba, daga bayan kantin masu sayar da magani ya fito. A garin Paderborn na Jamus akwai wani yaro, Friedrich Sertürner, wanda Bello ya girme shi da shekara biyu kacal, aka kai shi koyon haɗa magani a 1799 yana da shekara 16. Aikinsa bai bambanta da na yaron ɗan magori ba: daka, da tacewa, da wanke kwalabe. Abin da ya dame shi shi ne ofiyom, wanda wani ƙunshi yakan yi ƙarfi wani ya yi rauni, har likita ya rasa yadda zai auna. Wajen 1804 zuwa 1805, daidai lokacin da ake fafatawa a Tabkin Kwatto da Alwasa, wannan yaro ya ware sinadarin da ke sa barci daga cikin ofiyom, wanda aka sani yau da mofin. A 1817, shekarar da Bello ya hau sarauta, ya buga cikakken bayaninsa bayan ya gwada shi a jikinsa da na wasu samari uku, har suka kusa halaka. A 1820 wasu masu haɗa magani biyu a Faris, Pelletier da Caventou, suka ware kwinin daga ɓawon itacen sinkona. A 1827, shekarar da Clapperton ya mutu, Emanuel Merck ya fara sarrafa irin waɗannan sinadarai da yawa don sayarwa a kantin gidansu a Darmstadt, wanda yana cikin tushen masana'antar magani ta yau. Abin da suka samu wanda ba a samu a Sakkwato ba shi ne hanyar fid da mai aikin daga cikin ɓawo a ɗora shi a ma'auni. Amfanin wannan ya bayyana a 1854, sa'ad da Baikie ya shigo Kwara da Binuwai da jirgin ruwa yana ba mutanensa kwinin kullum, ya koma ba wanda ya mutu. Maganin da zai iya kawo Morrison Sakkwato da rai, shi ne daga baya ya sauƙaƙa wa Turawa shigowa ƙasar.

Ƙarshen rayuwarsa

Kabawa ba su taɓa sallamawa ba. Bayan an kashe Hodi a 1826, Karari ya ɗaga tuta a Argungu, har sai da Bello ya haɗa rundunar Sakkwato da ta Gwandu aka kewaye garin a 1831. Argungu ta faɗi, aka kashe Karari, amma Bello ya bar ɗansa Yakubu Nabame da rai, ya tafi da shi Sakkwato ya riƙe. Wannan Yakubu ne ya komo a 1849, a zamanin Aliyu Babba, ya ta da Kabi, kuma daga nan ba a sake cin Argungu ba har zuwan Turawa.

A shekarunsa na ƙarshe Bello ya fi zama a ribaɗinsa na Wurno, a bakin gulbin Rima. Ya yi babban yaƙinsa na ƙarshe a Gawakuke a 1836, ya karya haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa. Bayan haka ciwo ya kama shi, ya yi jinya ta watanni, ya rasu a watan Rajab na 1253, daidai da Oktoban 1837, aka binne shi a Wurno. Allah ya jiƙansa.

Bayan rasuwarsa da shekara biyu, a 1839, ƙanwarsa Nana Asma'u ta rubuta Tabshirul Ikhwan a kan neman waraka da surorin Alƙur'ani. Aikin daidaita sunayen itatuwa kuwa, wanda ya wahalar da malaman zamaninsa, wani likitan gwamnatin mulkin mallaka ne, Dalziel, ya ɗauke shi ta wata fuska, ya buga ƙamus na sunayen tsirrai na Hausa a 1916, da babban littafinsa na tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937. Kwafe-kwafen risalolin Bello suna ajiye a ɗakin tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna. Koyarwar da ya nema a 1824 kuwa, sai a 1930 aka buɗe makarantar koyon haɗa magani a Zariya, shekara 93 bayan rasuwarsa, inda daga baya Malam Sa'adu Zungur ya koyar.